Sha-Tsaye, Baƙon Birnin Daɓe

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba da madaɓi ba, ya kafa sama ba da ginshiƙi ba, ya raba wa kowace halitta abincinta, ya kuma koya mata yadda za ta kai shi baki. Bayan haka, ya ku masu saurare, ku gyara zama, don abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsince shi ba. Ƙafata ce ta kai ni, idona ya gani, hannuna kuma ya kusa jawo mini zaman dindindin a ƙasar da ba tawa ba.

Ni ne Cindo, autan Inna Kyauta, gyartai ɗan gyartai, mutumin Tudun Kaba. Yatsu shida Allah ya ba ni a hannun dama, kuma babu mai zaman banza a cikinsu. Duk ƙwaryar da ta fashe ta zo hannuna, in na ɗinke ta, sai mai ita ta ɗaga ta a rana tana neman inda tsagar take. Masu hassada suna cewa cika baki gare ni. Ni kuwa na ce wanda ya iya ya faɗa, wanda bai iya ba ya yi shiru.

Wata rana wasu fatake suka sauka garinmu, suka ba da labarin wani tsibiri can bayan inda rana ke faɗuwa, a tsakiyar ruwan da ba a hango gaɓarsa. Suka ce a can duma yana girma har ya kai ɗaki, mutane su fafe shi, su shiga da iyalinsu da awakinsu su ƙetare ruwa. Kowa ya yi dariya ban da ni. Tun daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi, ba abin da nake tunani sai in samo irin duman nan in shuka a bayan gidanmu, in ga bakin masu dariya.

Da na gaya wa Inna, ta ajiye aikin da ke hannunta. Sannan ta ce, "Auta, ba zan hana ka ba, don ko na hana ka sai ka tafi, ƙafarka irin ta ubanka ce. Amma ka ji ni da kyau. Yayyenka duk sun riga ni, kai kaɗai ka rage mini. Ranar da za a sa ni a rami, hannunka nake so ya karɓe ni, ba hannun maƙwabci ba."

Na ce, "Haba Inna, ai kafin ki gama cin geron bana na dawo."

Ta ce, "Ban tambaye ka lokaci ba. Ka dai dawo."

Na rataya burgamina, da basilla da zaren kaba da ƙaro a ciki, na kifa ƙwaryata a ka, na kama hanya. Na bi ta Ƙasar Jan Gishiri, inda ake gina gidaje da gishiri, in mutum ya yi doguwar tafiya ya dawo ya tarar awaki sun lashe masa zaure. Na ratsa garin da mutanensa ba sa ciniki sai da waƙa, na fito maƙogwarona a dushe, aljihuna fayau. Daga nan na faɗa Dajin Gwaggo.

A dajin nan birai ne ke mulki, manya-manyan gwaggon birai masu tare hanya. Ban yi nisa ba suka kewaye ni, babbansu ya fizge burgamina, suka haye kan wani dutse suna ta juya basillata suna lasa. Gyartai ba basilla, ai makaho ne ba sanda. Na koma bakin wani rafi na zauna cikin yaɗon duman kada, ina zagin biri da uwar biri a zuciyata.

Ina nan zaune sai na ga wata tsutsa a kan ganye, koriya shar, kaurinta ya kai na rake, tsawonta ya fi tafin hannuna. Ƙaho ɗaya gare ta, amma a ƙarshen bayanta yake, ba a kanta ba, kamar wadda aka haɗa cikin gaggawa. Wani ɗan biri ya sauko ya miƙa hannu zai ɗauke ta. Nan take ta maƙe kanta ciki, ta kumbura wuya, wasu idanu biyu dara-dara suka bayyana, ta ɗaga gabanta tana lilo kamar kumurci. Ɗan birin ya kurma ihu ya bazama, har yana tuntuɓe. Na ɗauki tsinke na taɓa ta. Idanun zane ne kawai a fata, ƙahon kuma laushi gare shi, ko ƙuda ba zai soke ba. Ashe duk burga ce.

Na ce, "Malama, na gode da karatu." Na samo gawayi da farar ƙasa, na zana idanu biyu a bayan ƙwaryata, kowanne kamar faifai. Na lulluɓe jikina da yaɗon duman kada, na ja ciki har gindin dutsen, sannan na miƙe a hankali da ƙwaryar a fuskata, ina lilo ina huci. Ban san iya tsoron da biri ke yi wa maciji ba sai ranar. Kafin in gama hucin farko dutsen ya zama wayam, burgamina na yashe a ƙasa, ba abin da ya ɓata sai ƙaron da suka tauna.

Na ci gaba da tafiya har na iso bakin ruwan da fatake suka faɗa. Nan na ga abin da na fito nema: rabin duma, girmansa kamar ɗakin amarya, yana lilo a kan ruwa. Amma ya tsufa ya yi baƙi, jikinsa duk toshiyar tsumma da laka. Mai fiton wani tsoho ne, Bagudu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a wannan za mu ƙetare?"

Ya ce, "Ɗana, wannan shi ne mai lafiyar cikinsu."

Muna tsakiyar ruwa wata tsohuwar tsaga ta buɗe baki, ruwa ya fara kwararowa. Bagudu ya shiga salati yana kwarfa. Ni kuwa na zaro basilla, na durƙusa cikin ruwan, na bi tsagar nan da ɗinki, na toshe da ragowar ƙaro, kafin ya kai ƙarshen salatinsa ruwa ya tsaya. Na ɗago kai ina jiran yabo. Sai na ga tsohon yana kallona yadda mahauci ke kallon sa mai ƙiba, amma da tausayi a idonsa.

Ya ce, "Ɗana, hannunka ya cece mu, amma kai ya ɗaure ka."

Ban gane maganarsa ba sai da muka sauka Birnin Daɓe. Tun daga bakin ruwa har iyakar ganina, babu ƙasa ko ta cikin cokali. Tituna, kasuwa, gindin shuka, bayan gida, ko'ina an daɓe shi, an shafe da makuba, yana ƙyalli ja-ja-wur kamar tsakar ɗakin sabuwar amarya. Takuna na farko santsi ya kwashe ni. Na so in ce na sha ƙasa, amma babu ƙasar da zan sha.

Aka kai ni gaban mai mulkin tsibirin, Magajiya Gwamma, mace doguwa mai damtse kamar taɓarya, riƙe da madaɓi na haƙarƙarin dorina a madadin sandar mulki. Bagudu ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ba da labarin ɗinkin da na yi. Ta sa aka kawo mini fura da soyayyen kifi, ta bari na ƙoshi, sannan ta yi magana.

Ta ce, "Baƙo, a tsibirin nan babu itacen da za a sassaƙa jirgi. Hatsinmu daga ƙetare yake zuwa, a cikin duma. Shekaru ke nan dumanmu yana fure ba ya haihuwa, jiragen da kakanninmu suka bari kuma suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da na ƙarshe ya nutse, mu ma mun nutse. Allah ne ya kawo ka. Daga yau kai ne Sarkin Gyara, ga gida, ga abinci, ga duk abin da ranka ke so."

Na ce, "Ranki ya daɗe, na gode, amma ina da tsohuwa a gida, na yi mata alkawari."

Ta ce, "Ni ma ina da tsofaffi, gari guda. Ranar da duma ya sake haihuwa, ranar za ka tafi. Kafin nan, duk wanda ya sa ka a jirgi, a bakin ransa."

Haka aka yi mini ɗaurin talala da ruwa. Na yi ta ɗinki, in na rufe tsaga a nan wata ta buɗe a can, kamar mai ɗinke tsohon zane. Damina ta wuce, wata ta kama hanya. Ina cin mai kyau ina sa mai kyau, amma raina a jagule yake. Duk tsohuwar da na gani tana dogara sanda sai in ce ko yanzu wani maƙwabci yana can yana naɗe hannun riga zai shiga ramin Inna. Na gane cewa in ina son ganin gida, ba jirgi zan gyara ba, dole in san abin da ya hana duma haihuwa.

Don haka wata rana da almuru na bi mata zuwa rumfunan duma. Yaɗon ya hau rumfuna ya yi lif-lif, gindinsa ne kawai aka bar wa ɗan rami a cikin daɓe. Rana na faɗuwa furanni suka fara buɗewa, farare tas, kowanne da dogon wuya kamar algaita, ƙamshi ya cika wurin. Mata suka shimfiɗa sababbin tabarmi, suka durƙusa, suna waƙa a hankali:

"Daɓe, daɓe, 'yan uwa,
Baƙo na tafe da almuru,
In ya zauna mun gode,
In ya ƙi zama a ƙara duka."

Can sai na ji wani gunji siriri daga gabas, kamar ana murza mazari. Sai ga shi. Danginsa ɗaya da malam-buɗe-littafi, amma wannan ƙaƙƙarfa ne, jikinsa kamar na ƙaramin tsuntsu, fukafukansa sirara masu launin toka, cikinsa da ratsin ja da baƙi. Ya zo gaban fure ya tsaya cak a iska, fukafukan na kaɗawa har ba a ganinsu. Ya warware wani harshe da ke naɗe a ƙarƙashin fuskarsa kamar gammo, harshen da ya fi jikinsa tsawo, ya zura shi cikin wuyan furen yana sha. Ƙafarsa ba ta taɓa komai ba.

Matan suka shiga raɗa, "Zauna, baƙo. Don Allah zauna."

Bai zauna ba. Ya sha fure kaɗan, ya juya kamar kibiya, ya ɓace. Shi kaɗai ya zo a rumfunan da ba a ganin ƙarshensu. Wasu matan suka fashe da kuka. Magajiya, wadda ke cikinsu, ta tashi ta kaɗe zane, ta ce, "Gobe a ƙara makuba."

A hanya na tambayi Bagudu. Ya ce, "Sha-Tsaye ke nan. Kowa ya san in bai ziyarci fure ba duma ba ya ɗaukar ciki. A zamanin kakanninmu in sun zo har rufe rumfa suke yi. Sai wata Magajiya ta ce abin kunya ne baƙo ya zo gidanka ya sha ruwa a tsaye. Ta ce ba ya ƙin zama sai don ƙasarmu da datti. Aka daɓe gindin rumfuna, sai baƙin suka ragu. Aka ce to fushi suka yi, gyaran bai isa ba, aka daɓe hanyoyi. Suka ƙara raguwa, aka ƙara daɓewa. Ka ga inda muka kai."

Kada ku ce na fi su wayo. Maganar ta shige ni, don ni ma a gidanmu wanda ya sha ruwa a tsaye sai ya sha ranƙwashi. Na ce wataƙila ƙasa ce ta yi wa baƙon nisa. Na ɓata kwanaki ina yanka sakaina, ina ɗinka 'yan kujeru, ina rataye su a bakin furanni. Sha-Tsaye ya zo, ya kewaye kujerata kamar bai gan ta ba, ya sha ya tafi. Yara suka sa mini waƙa.

Wata safiya na fito na tarar mata suna shara, suna tara wasu abubuwa a kwando. Na leƙa, sai ga malamata ta Dajin Gwaggo, mai ƙaho a baya, ita da 'yan uwanta, duk sun mutu sun ƙandare. Na tambayi wata mai shara me ya kashe su.

Ta ce, "Sarkin Gyara, ai mahaukata ne. Suna can bakin ruwa suna cin duman kada lafiya lau, in sun yi ƙiba sai hauka ta kama su. Su bar abinci, jikinsu ya rine, su hauro tudu su yi ta yawo a kan daɓe har rana ta kashe su. Kullum damina sai sun ɓata mana wuri."

Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza. Wadda ta iya korar biri da zanen ido ba mahaukaciya ba ce, kuma duk mai rai da ya bar abinci ya kama hanya, akwai abin da yake nema. Ni shaida ne. Washegari na je bakin ruwa na sami wata da ta fara rinewa tana haurowa. Na durƙusa na bi ta da rarrafe, ina kare mata rana da faifai. Ta yi 'yar tafiya ta tsaya, ta dunguri daɓe da ka, ta ga ba hali, ta ci gaba. Gari ya fito kallo. Wani ya ce Sarkin Gyara ya sami uwar ɗaki, yana riƙe mata laima. Na ƙyale su, gwiwoyina suka saluɓe, har muka kai ƙarshen tsibirin ta gabas.

A nan maƙabartarsu take, kuma ita kaɗai ce madaɓi bai taɓa ba. Tsutsar nan tana jin ƙasa mai laushi a ƙarƙashinta ta kafa kai, ta yi ta kutsawa, ƙahon ne ya shige daga ƙarshe. Na sa alama da tsinke, na koma gida. Bayan 'yan kwanaki na dawo na tona a hankali da yatsa. Babu tsutsa. A wani ɗan ɗaki da ta murje wa bango, sai ga wani abu ja mai duhu kamar dabino, da mariƙi a gabansa, sak ƙaramar buta. Na taɓa shi, ya murɗa gindi. Da rai.

Ina cikin juya shi a tafin hannu na ji an kurma ihu a bayana, "Kura! Maye! Ga shi yana tonon kabari!" Kafin in buɗe baki an rufe ni da duka, aka ja ni har gaban Magajiya. Abin da ban sani ba, inda na tona yana dab da kabarin 'yarta Ladidi, wadda ta rasu shekarar da ta wuce, ita kaɗai Allah ya ba ta.

Ban taɓa ganin fuska irin tata a ranar ba. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Mun ba ka gida, mun ba ka sarauta, ka rasa inda za ka kai hannu sai makwancin 'yata. Hannun nan muna bukatarsa, ba zan taɓa shi ba. Ƙafafunka kuwa ba mu da aikin da za mu yi da su. A kira mai gatari."

Jama'a, na ji tsoro. Gurgu ba ya ratsa Dajin Gwaggo. In aka sare ƙafar nan, ni da Inna sai a lahira. Na dubi abin da ke dunƙule a hannuna. Idon gyartai ba ya wuce ɗinki: a jikin butar nan na ga layuka sirara, kamar fukafukai ne aka ninke aka rufe da fata, mariƙin kuma ya lanƙwashe kamar kube da aka yi wa dogon abu. Na tuna kuma ta gabas Sha-Tsaye ke fitowa kullum. Ba ni da tabbas, zato ne kawai. Amma na riga na yi karatu a wurin mai burga. Na kumbura wuya, na miƙe tsaye.

Na ce, "Ranki ya daɗe, ban taɓa kabarin 'yarki ba, Allah ya jiƙanta. Baƙonku na je gaisarwa. Shekara da shekaru kuna roƙonsa ya zauna, to ga shi a zaune." Na buɗe hannu.

Fada ta kaure da hayaniya. Magajiya ta ɗaga madaɓi aka yi tsit. Ta ce, "Wannan ƙazantar ce Sha-Tsaye?"

Na ce, "Shi ne. A sa shi a ƙwarya da ƙasa mai laushi, a ajiye a inuwa. In wani abu ya fito ba shi ba, ga ƙafafuna, ni zan miƙa su da kaina."

Ta sa aka ɗebo ƙasar, ta ajiye ƙwaryar a ɗakinta don kada in yi wani siddabaru. Kwanakin da suka biyo baya, in na ce muku na ci abinci da daɗi na yi ƙarya. A gaban mutane ina tafiya ina fito, in na shiga ɗaki sai in zauna ina shafa ƙafafuna. Mai gatari kuwa duk inda muka haɗu sai ya gaishe ni da fara'a, ya dubi ƙaurina.

Ran nan da la'asar sakaliya aka aiko in zo, ƙasar ƙwarya tana motsi. Aka fito da ita gindin rumfa, gari ya taru. Wani abu ya kutso kai ya fito, jiƙe, mai ƙaton ciki, da wasu 'yan fukafukai a cukurkuɗe kamar tsumman da aka matse. Ya yi ta dabur-dabur a bakin ƙwarya. Mutane suka kwashe da dariya, wata ta ce, "Wannan ne baƙon? Ai ko gyare ya fi shi fasali!" Mai gatari ya matso.

Abin ya faɗo kan daɓe, santsi ya hana shi tafiya, yana ta neman abin kamawa. Magajiya na tsaye ta dogara madaɓinta a ƙasa. Ya laluba ya kama madaɓin, ya hau, ya rataye a jikinsa. Ta ɗaga hannu ta tsai da mai gatari. Muna kallo, tsumman nan ya fara miƙewa a hankali, yana saki, yana faɗi, har ya zama fukafukai masu launin toka, ratsin ja da baƙi ya fito a cikinsa. Ya daɗe a haka ba motsi, rana ta faɗi, furanni suka buɗe. Sai ya fara karkarwa kamar mai jin sanyi, gunjin nan na mazari ya tashi. Ya saki madaɓin, ya nufi furen da ke saman kan Magajiya, ya warware harshe, ya sha a tsaye.

Babu wanda ya ce masa zauna.

Na ce, "Ranki ya daɗe, baƙonku bai taɓa raina shimfiɗarku ba. Zamansa yana yin sa ne a ƙarƙashin ƙasa, ya zauna har ya gaji, shi ya sa in ya fito ba ya marmarin ƙari. Waɗanda ake sharewa kullum safiya, su ne. Ɗaki suke nema, kun daɓe ƙofar."

Wata tsohuwa ta ce, "To me yake nufi? Mu fasa daɓen uwayenmu? Akwai inda hannun kakata ya daka a nan!" Mata suka ɗauka, kowace tana nuna inda uwarta ta yi aiki. Magajiya ta ratsa ta cikinsu. Ta tafi gindin rumfar tsakiya, inda daɓen ya fi ko'ina ƙyalli. Bagudu ya raɗa mini cewa Ladidi ce ta daɓe wurin da hannunta, shi ne aikinta na ƙarshe, kuma kullum safiya uwar takan zo ta shafa shi.

A duk tsibirin babu fartanya sai ta masu haƙar kabari. Ita ta sa aka ɗauko. Ta ɗaura ɗamara, ta ɗaga, ta sara. Daɓen ya tsage. Ta sake sarawa, hawaye na zuba, ba ta share ba, ba ta kuma tsaya ba sai da baƙar ƙasa ta fito. Ni da na zo da haushinta a ciki, wallahi na tausaya mata. Sannan ta miƙa wa tsohuwar nan fartanyar, ta ce, "Iya, saura na kakarki."

Kafin damina ta ƙare an fasa gindin rumfuna duka, da hanyar da ta tashi daga bakin ruwa. Matan da ke share tsutsa suka koma ɗaukarta a faifai suna kai ta ƙasa mai laushi, har da masu yi mata sannu da zuwa. Da furanni suka sake buɗewa, gunjin Sha-Tsaye ya cika rumfuna, suna fita daga wannan fure su faɗa wancan, fuskokinsu buɗu-buɗu da garin fure. Ba a daɗe ba aka ga 'yan duma sun ɗauro, kamar ƙwai, kamar tulu, kamar rumbu, har rumfuna suka karye aka bar su a ƙasa.

Na so in yanke na farko tun yana ɗanye in shiga. Bagudu ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗanyen duma ruɓewa zai yi da kai a tsakiyar ruwa." Na haƙura ya bushe, ina ji kamar in hura masa wuta. Ranar da aka fafe shi Magajiya ta rako ni har bakin ruwa, ta ba ni jakar iri. Ta ce, "Da za ka zauna da mun so. Amma je ka. Uwa tana jiran ɗanta, ba ni zan tsaya a tsakani ba."

Jirgin a gaɓa na bar shi, don ba ya ɗaukuwa a ka. Irin kuwa, ɓeraye suka ci rabi a hanya, sauran na soya na ci a wata ƙasa da na tarar ana yunwa. Haka na shigo Tudun Kaba da hantsi, ba duma ba irin duma, daga ni sai burgamina. Ban tsaya gaisawa da kowa ba. Na doshi gida, na tsaya a ƙofa na kasa yin sallama, don ina tsoron muryar da za ta amsa. Da ƙyar na yi.

Daga cikin ɗaki aka ce, "Sai yau ka ga dama?"

Inna ce. Ta ƙanƙance, idanun sun tafi, tana zaune a kan tabarma ta jingina da bango. Na durƙusa na kama ƙafafunta, na yi kukan da ban yi a gaban mai gatari ba. Da na natsu na fara ba ta labarin duma mai girman ɗaki. Ta ce, "Ajiye labarinka, Auta, ba ya ruɓewa." Ta laluba bayanta ta jawo ƙwaryar furarta, ta tsage tun daga baki har gindi. Ta ce, "Tun bara ta fashe. Gyartai nawa suka wuce ta ƙofar nan, na ce a bar ta, mai ita yana tafe."

Na zaro basilla na ɗinke ta a gabanta. Ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce ubana ya fi ni iyawa, sannan ta sa aka dama mata fura a ciki ta sha.

Ta ga kakar wannan shekarar, ta ci sabon gero. Wata ranar Alhamis da hantsi Allah ya karɓi abarsa, kanta a kan cinyata. Da aka kai ta, maƙwabta suka fara naɗe hannun riga, na ce su dakata. Na sauka cikin ramin da ƙafafuna, na miƙa hannu, aka miƙo mini ita. Ba ta da nauyi ko kaɗan.

Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya ji, ya sa ta a addu'a.